Mun San Inda Man Yake a Teku, Ba Mu San Inda Masu Rai Suke Ba

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro wata sabuwar ma'aikata a Abuja, ta harkokin teku da tattalin arzikin ruwa, ya damƙa ta a hannun tsohon gwamnan Osun, Adegboyega Oyetola. Tun daga lokacin ake ta kwarara mana albishir: tashoshin jiragen ruwa za su ƙaru, kuɗin shiga zai ninka, kifi zai wadata, matasa za su samu abin yi. Allah Ya sa haka. Ni dai tambayar da ta tsaya mini a maƙoshi ita ce, wannan ruwa da ake shirin tatsa, wa ya san abin da ke rayuwa a cikinsa, da inda yake kiwo, da watan da yake zuwa haihuwa?

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, daga Badagry har bakin iyakar Kamaru, kuma dokar duniya ta ba mu ikon cin arzikin ruwan har nisan mil 200 daga gaɓa. Kada wani ya ce wannan makeken fili ba shi da taswira. Yana da ita, mai kyau ma kuwa. An yanka shi gida-gida, kowane gida da lambarsa da kamfanin da aka ba haƙar mai a ciki. An san inda rijiyoyin man Bonga suke, an san na Agbami, an san na Egina, an san ta inda kowane bututu ya ratsa. A 2021 sojojin ruwa suka karɓi jirgin awon ƙasan teku mai suna NNS Lana, yana auna zurfi domin manyan jirage su san hanya. Taswirar da ta yi mana ƙaranci ita ce ta masu rai: wel, wato ƙaton dabbar nan da malamanmu kan kwatanta da kifin da ya haɗiye Annabi Yunusa, da dolfin, wato ƙaramin ɗan'uwan wel, da kunkurun teku, da tsuntsayen da ke cin abincinsu a kan ruwa. Ra'ayina shi ne a zana wannan taswirar tukuna kafin a ci gaba da rabon ruwan, kuma mu mutanen Jos muna da bakin magana a ciki fiye da yadda muke zato.

Na san abin da za a ce, don an riga an faɗa mini ido da ido. Lokacin da bidiyon wani wel da igiyar ruwa ta jefo gaɓar Brass a Bayelsa ya zagaya wayoyi, muna zaune a majalisarmu bayan la'asar, wayar na yawo hannu zuwa hannu. Samari sun hau gadon bayansa da adduna da gatura, wani ma ya nutse har gwiwa a cikin kitse, mata na tsaye da robobi da bokitai suna jiran rabo. Wani dattijo a cikinmu, mai sayar da kayan gyaran mota, ya miƙo mini wayar ya ce, "Ɗana, wannan ai rabo ne Allah Ya kawo musu har gida. Sahabbai ma sun ci irinsa." Kuma gaskiyarsa. Hadisin rundunar Abu Ubaida sananne ne: yunwa ta kai su ga cin ganye, sai teku ta jefo musu dabbar da ake kira anbar, suka yi kusan rabin wata suna ci, har aka kafa haƙarƙarinta mahayi ya wuce ta ƙarƙashi. Na ce, "Baba, ban ga laifin mai yunwa ba, ko da yake naman da ba a san abin da ya kashe shi ba akwai kasada a cikinsa. Abin da ban gani ba a bidiyon nan shi ne mutum ɗaya riƙe da igiyar awo." Babu mai auna tsawonsa, babu mai ɗaukar hoton wutsiyarsa, babu mai duba ko saran farfelar jirgi ne a bayansa, ko raga ce ta naɗe shi, ko leda ce cike da cikinsa. Kafin magariba sai ƙashi. Duk abin da gawar nan za ta iya gaya mana game da lafiyar ruwanmu ya tafi cikin tukunya.

Sai wani abokina ya katse ni: "Malam, ana kashe mutane a Bokkos da Mangu, buhun masara ya gagari talaka, kai kana lissafin kifin Bayelsa?" Wannan tambaya ba ta wasa ba ce, kuma duk wanda ya yi mata dariya bai binne nasa ba. Amma gwamnati ba ta dakatar da rabon teku ba har sai an gama da rikicin Filato. Tashar Lekki mai zurfi ta fara aiki a 2023. Matatar Dangote na karɓar manyan jiragen ɗanyen mai a daidai wannan gaɓar. Ana maganar wasu tashoshin a Badagry da Ibom da Bakassi, ga titin gaɓar teku na kusan kilomita 700 daga Legas zuwa Kalaba da aka soma a 2024. Ko mun kula ko ba mu kula ba, ana yanke hukunci a kan ruwan nan kowace shekara. Zaɓin da ya rage shi ne a yanke shi da sani ko a yanke shi a duhu.

Shi ɗan Jos da ke zaune a kan tsauni, sama da mita 1,200 bisa teku, me ya haɗa shi da ita? Ya leƙa ɗakin ƙanƙara a Katako ko Farin Gada da sassafe, lokacin da ake fasa katan. Titus ne, kote ne, shawa ce, panla ce, a daskare kamar itace, mata masu suya na zaɓa suna ƙorafin tsada. A jikin katan ɗin za ka ga sunayen ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba. Alƙaluman da gwamnati kanta ke yawan ambata sun ce muna buƙatar kifi wajen tan miliyan 3.6 a shekara, abin da muke samarwa kuwa bai kai rabin hakan ba, sai a sa dala a sayo daga waje don rage giɓin. Albashin malamin firamare a Filato yana fitowa ne daga rabon da ake yi a Abuja duk wata, kuma kaso mai tsoka na man da ke cika wannan asusu daga cikin teku ake zuƙo shi. Daminar da muke shuka dankali da masara da ita, iskar kudu maso yamma ce ke ɗauko ta daga wannan tekun. Mu ma muna aika mata namu saƙon. Kogin Kaduna daga tsaunin nan ya taso ya je ya faɗa Neja, Gongola ta gangara ta haɗu da Binuwai a Numan, su biyun suka haɗu a Lakwaja suka nufi kudu. Ledar fiya wata da aka jefa a kwata a nan tana da hanyar da za ta kai ta bakin teku.

Ba na cewa wel ne ke kawo damina, kada a ɗora mini abin da ban faɗa ba. Dangantakar da kifi ce ta fi kusa. Dolfin da tsuntsayen teku ba sa taruwa a banza, suna taruwa ne inda ƙananan kifaye suka yi dandazo, su kuma ƙananan kifayen suna bin inda ruwa mai sanyi ke tasowa daga ƙasa da abinci. Masunta a duk duniya sun san wannan, idan suka hango tsuntsaye na faɗawa ruwa can suke nufa. Saboda haka wanda ya zana inda waɗannan dabbobi suke ya zana inda ruwan ke da albarka, kuma idan suka fara ɓacewa daga wani wuri, alama ce tun da wuri cewa kifin ma yana kan hanyar ƙarewa.

Akwai wani irin wel mai dogayen fukafukai, wanda ya shahara da tsalle da waƙa a cikin ruwa. Babba yakan kai mita 15, nauyinsa wajen tan 30. Yana kiwo ne a ruwan ƙanƙara na ƙarshen kudancin duniya, kusa da Antatika. Idan hunturun can ya kama, sai ya yo arewa, tafiyar dubban kilomita, ya iso ruwan ɗumi na mashigin Gini, daga Angola da Gabon har zuwa Binin da Togo da Gana, mu kuma muna tsakiya. Daga wajen watan Yuli zuwa Oktoba ko Nuwamba suke nan, a nan ake barbara, a nan ake haihuwa. Cikin wata goma sha ɗaya ne, ɗa ɗaya tak, kuma uwa takan huta shekara biyu ko uku kafin wani. Uwa da jaririnta sun fi son ruwa mara zurfi kusa da gaɓa, suna tafiya a hankali, suna yawan zama a saman ruwa domin jaririn ya shaƙi iska. Wato daidai inda jirage ke shiga da fita. A farkon ƙarnin da ya wuce Turawa sun yi musu kisan kiyashi a gaɓar Gabon saboda kitsensu, daga baya aka hana farautarsu, daga 1986 kuma aka dakatar da farautar wel ta kasuwanci a duniya, aka ga irin wel da yawa suna farfaɗowa. Yanzu abin da ke kashe su ba mashi ba ne, karo da jirgi ne da sarƙewa a raga.

Mu a Filato bai kamata a sha wahalar fahimtar da mu wannan ba, domin mun san burtali. Shanu na da hanyar da suke bi su gangara kudu da rani su dawo da damina, tun kaka da kakanni. A 1965 gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe gandayen kiwo, aka ce sun kai 415 a ƙasar nan, amma waɗanda aka tabbatar a takardar gwamnati ba su wuce kusan kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran, da yawancin burtalan, a cikin kawunan dattawa suke. Dattawan suka rasu, jama'a ta ƙaru, gona ta ci wani yanki, gida ya ci wani, titi ya ratsa, ranar da aka tashi neman iyaka babu takardar da za a buɗe. Ba burtali kaɗai ya jawo mana abin da muke ciki ba, kowa ya san akwai siyasa da ƙasa da ramuwa, amma rashin shata shi tun ana zaman lafiya ya ba da gudummawarsa. Wel ma burtalinsa yake bi. Bambancin kawai shi ne shi ba zai kai ƙara ba, ba zai yi faɗa ba, sai dai a wayi gari ba ya zuwa.

Wanda ya fi shi shiga haɗari wani dolfin ne mai ɗan tozo a baya, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai gaɓar yammacin Afirka, daga kudancin Maroko zuwa Angola. Da ƙoƙon kan da aka samo a Kamaru masana suka fara bayyana shi a 1892. A 2017 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa shi a jerin waɗanda ke dab da ƙarewa, ana ƙiyasin waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba. Ba ya nisa, yana zaune ne a ruwan da zurfinsa bai kai mita 20 ba, a bakin koguna da mashigai, wato wurin da ake yashe ƙasa don gina tasha, wurin da masunta ke kafa raga. Da huhu yake numfashi kamar akuya, idan raga ta riƙe shi a ƙasa na 'yan mintoci ya mutu. An tabbatar yana ruwan Najeriya. A ce ƙasar da ta fi kowace yawan jami'o'i a yankin nan tana shirin zuba kankare a bakin kogunanta ba tare da ta san a wane mashigi wannan dabba take ba, abin kunya ne.

Yadda ake aikin ba sihiri ba ne. Jirgi ko kwalekwale mai inji yana bin miƙaƙƙen layin da aka shata tun daga tudu, mutum biyu ko uku na tsaye da madubin hangen nesa, duk abin da aka gani a rubuta irinsa da yawansa da daidai inda yake. A maimaita wata bayan wata, shekara bayan shekara. Ƙasan wutsiyar kowane wel mai dogayen fukafukai yana da zanen baƙi da fari nasa shi kaɗai, kamar zanen yatsa, don haka hoto ɗaya mai kyau ya isa a gane cewa wanda aka gani a Legas bana shi aka gani a Gabon bara. Ana nutsa na'urar sauraro a ƙarƙashin ruwa ta yi watanni tana naɗar kukansu dare da rana. Tsuntsaye kuwa ana ɗaura musu 'yar na'ura a ƙafa, wadda nauyinta bai wuce giram ɗaya ko biyu ba. Da irinta aka gano a 2010 cewa wani ɗan farin tsuntsu mai tsagaggiyar wutsiya yana tafiyar kusan kilomita 70,000 a shekara tsakanin ƙarshen arewa da ƙarshen kudancin duniya, kuma wasunsu ta gefen yammacin Afirka suke bi. Wani ɗan'uwansa yana ƙyanƙyasa a rairayin hamadar Namibiya, idan ya gama ya zo hutu gaɓar Legas. Da an tara waɗannan bayanai sai a ɗora su a kan taswirar hanyoyin jirage, wadda ita tana nan a shirye domin kowane babban jirgi na ɗauke da na'urar da ke sanar da inda yake. Inda layukan biyu suka haɗu, nan matsalar take.

Abin da ya fi burge ni shi ne sau da yawa maganin ba ya da tsada. A Amurka, hanyar jiragen da ke shiga tashar Boston ta ratsa ta tsakiyar makiyayar wel. Masana suka fito da bayanan sama da shekara ashirin na inda aka riƙa ganinsu, sai ga shi a ɗan arewa kaɗan akwai wani zirin da ba su cika zama ba. A 2007 aka karkatar da hanyar zuwa can. Tafiyar jirgi ta ƙaru da 'yan mintoci, haɗarin karo da manyan wel kuma aka ƙiyasta ya ragu da kashi 81 cikin 100. A kudancin Siri Lanka, kamfanin jiragen dakon kaya na MSC da kansa ya matsar da hanyar jiragensa mil 15 zuwa kudu a 2022 saboda shuɗin wel, wanda ya fi kowace dabba girma a duniya. A tsakiyar arewacin Atlantika kuma, na'urorin da ke ƙafafun tsuntsaye ne suka tona wani wuri da tsuntsaye iri 21, har kusan miliyan 5, ke taruwa cin abinci, wurin da babu wanda ya san da muhimmancinsa a da. A 2021 ƙasashen Turai suka keɓe shi, faɗinsa ya kai na ƙasar Faransa. Idan an ce waɗannan masu kuɗi ne, to ga Gabon nan kusa da mu. A 2017 ta keɓe wurare 20 a tekunta, kashi 26 cikin 100 na ruwanta, bayan shekaru ana bin sawun wel da kunkuru da kwalekwalen masunta, kuma ita ma ƙasar mai ce, ba ta rufe rijiyoyinta ba. Mu kuwa muna cikin ƙasashen da suka amince a Montreal a Disambar 2022 cewa za a kare kashi 30 cikin 100 na ƙasa da teku kafin 2030, alhali abin da muka keɓe daga ruwan tekunmu ko kashi 1 bai kai ba. Ina tsoron ranar da wa'adi zai matso, wani ya zauna a ofis a Abuja da biro ya zana da'ira a inda babu mai kuma babu tasha, domin a samu abin faɗa a taro. Wurin da babu mai ba lallai ne ya zama wurin da dabbobin suke ba.

To ina Jos ta shigo? Ta Laminga. Wanda ya bi hanyar Jos ta Gabas ya san dajin Amurum, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta A.P. Leventis take, ƙarƙashin Jami'ar Jos, tun farkon shekarun 2000. Ɗalibai daga ƙasashen yammacin Afirka da dama suna zuwa nan yin digiri na biyu. A duwatsun yankin nan ne ake samun wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su bayyana shi ba sai 1998, ga shi kuwa a bayan gidajen mutane yake tun fil azal. Daga wannan cibiya aka ƙaddamar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya a 2015. An yanka ƙasar zuwa ƙananan murabba'ai sama da 11,000, kowanne kimanin kilomita tara ta kowane gefe. Ɗan sa-kai zai shiga murabba'i ɗaya da wayarsa, ya yi aƙalla awa biyu yana rubuta duk tsuntsun da ya gani ko ya ji kukansa, ya tura. Na ga irin waɗannan matasan da idona a gefen hanya da sanyin safiyar Jos, rigar sanyi har wuya, madubi rataye, ɗaya ya ɗaga hannu kowa ya yi tsit, sai ka ga an sunkuya kan waya ana dannawa. Masu wucewa a kan acaɓa na kallonsu kamar waɗanda ba su da aikin yi. Da haka aka tara bayanai daga dubban murabba'ai, har da ƙungiyar matasan Arewa da ke zagaya jihohinmu. Ba jirgin sama aka saya ba, mutane aka koya wa duba da rubutawa.

Wannan ƙwarewar ce teku ke buƙata, kuma a garinmu take. Cibiyar binciken teku ta ƙasa tana Victoria Island a Legas tun 1975, tana da jirgin bincikenta mai suna Bayagbona. Me zai hana duk fitar da jirgin zai yi a sa masa masu duban tsuntsaye biyu da aka horar a Laminga? Kujera biyu ce da abinci. Me zai hana a kafa wa ƙauyukan gaɓa lambar waya ɗaya, duk inda teku ta jefo dabba a kira, a ɗauki hoto da awo kafin a sa wuƙa?

Akwai ma bayanan da an riga an tara, suna kulle. Kafin a haƙa rijiya a teku, jirgin bincike yana jan wasu bindigogin iska da ke fashewa duk bayan daƙiƙa goma ko makamancin haka, dare da rana, makonni a jere, ƙarar na ratsa ruwa ɗaruruwan kilomita. Wel da dolfin kuwa da kunne suke rayuwa, da shi suke neman abinci, da shi uwa ke kiran ɗanta. Saboda haka manyan kamfanoni sukan ɗauki masu sa ido a kan jirgin, suna rubuta duk dabbar da ta gifta. Kaso mai yawa na ɗan abin da duniya ta sani game da wel da dolfin na can cikin mashigin Gini daga irin waɗannan jirage ya fito. Ruwan namu ne, lasisin mu muka bayar. Hukumar da ke ba da izinin haƙar mai tana iya sa sharaɗi da layi ɗaya cewa duk rahoton masu sa ido a miƙa kwafinsa ga rumbun ƙasa da kowane ɗalibi zai iya buɗewa. Lokacin da ɗanyen mai ganga kusan 40,000 ya malala daga Bonga a Disambar 2011, rigimar diyya ta ja shekaru, kuma duk mai neman diyyar ɓarna tambayar farko da za a yi masa ita ce me ke wurin kafin ɓarnar. Wanda bai ƙirga dukiyarsa ba, da me zai yi rantsuwa a gaban alƙali?

Sai dai taswira wuƙa ce mai kaifi biyu, kuma nan ne nake rabuwa da wasu masu kishin muhalli. A kudancin jiharmu, a tafkin Pandam na ƙaramar hukumar Qua'an Pan, akwai ayu. Dokar ƙasa ta hana kashe shi tun 1985. Amma shiga Facebook ko Instagram ka ga yadda ake tallar man ayu a 'yan kwalabe cikin kayan mata, da farashin da zai sa mafarauci ya kwana a bakin ruwa. Ko na gaske ne ko jabu, tallar kaɗai ta isa ta sa a farauce shi. Idan ka wallafa wa duniya daidai lungun da ayu ke kwana, adireshi ka ba mai mashi. Haka dolfin, wanda a wasu gaɓoɓin yammacin Afirka ake cin namansa ko a yanka shi a yi tarkon kifin shak da shi. Dole a san abin da za a baza a fili da abin da zai tsaya a hannun masu tsaro.

Haɗari na biyu ya fi wannan. A ƙasar nan idan aka ce an keɓe wuri, talaka ake fara kora. Ba na so a zana taswira da sunan dolfin a ƙare da ƙona ragar masuncin Ilaje ko na Andoni, alhali manyan jiragen da ke share ƙasan teku suna wucewa. Dokar kamun kifi ta 1992 ta hana irin waɗannan jirage shiga mil biyar na farko daga gaɓa, kuma masuntan gargajiya sun daɗe suna kukan ana shigar musu. A fara tsare musu wannan mil biyar ɗin, shi ne kuma daidai mazaunin dolfin mai tozo, an jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Su masuntan su ne suka fi kowa sanin ruwan. Mutumin da ya shekara talatin yana fita da asuba ya san watan da wel ke zuwa da mashigin da dolfin ke bi, kamar yadda kowane Sarkin Ruwa a Yawuri ya san gurbin da ke da kifi. A zauna da su, a biya su ladan saninsu, a sa sunan ƙauyensu a kan aikin. Hana kamu na wani lokaci ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, Matan Fada a Argungu a rufe take duk shekara sai ranar biki, kuma jama'a na kiyayewa domin dokar tasu ce.

Ga abokina mai tambayar Bokkos da Mangu, abin da nake nema bai taɓa kuɗin tsaro ba. Ma'aikatar teku tana da kasafinta, kuma kowace shekara ministan na zuwa gaban kwamitocin majalisa ya kare shi. A cikin waɗannan kwamitoci akwai 'yan Arewa, kuma sau da yawa sukan ɗauki zaman a matsayin harkar mutanen kudu, su sa hannu su fita. Ina so ɗaya daga cikinsu, ko daga Filato ko daga Kano ko daga Kebbi, ya tsaya ya tambayi nawa aka ware don ƙirgar dabbobin ruwan da ake shirin gina tashoshi a kai, wace cibiya aka ba aikin, kuma a wane wata za a kawo wa majalisa taswirar farko. Dokar tantance illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, ta wajabta a yi nazari kafin a fara gini. Ya nemi a kawo masa rahoton nazarin tashar Badagry da ta Ibom da ta Bakassi, ya buɗe babin dabbobin teku, ya duba ko waɗanda suka rubuta shi sun shiga ruwa tsakanin Yuli da Oktoba.